Wace ƙugiya za ka saka wa taragan ƙaramin jirginka?

Ranar da na fara ja tarago goma sha huɗu a kan layin ƙaramin jirgin ƙasa na kwaikwayo da na shimfiɗa, kan jirgin ya haye gangara lafiya lau, sai na ga shida na baya sun tsaya cak, sannan suka gangaro da baya-baya har suka faɗi a kwana. Na ɗauki taragon da ya saki na duba. Ƙugiyarsa ta roba ce, irin wadda take zuwa da tarago daga kamfani, bakinta a wangame, ɗan yatsan robar da ke rufe shi ya saki. Na ɗora mata laifin duka. Sai bayan mako guda, da na sa ma'auni, na gane cewa ta fi ta maƙwabcinta tsayi da kusan rabin kai. Ko da ta ƙarfe ce, da sai ta zame a wannan gangarar.

Abin da ake magana a kai shi ne ƙugiya mai kama da dunƙulen hannu, wadda in biyu suka haɗu sai su riƙe juna kamar masu gaisawa da yatsu a lanƙwashe. Asalinta daga babban jirgi ne. Eli Janney ya yi mata rajistar mallaka a Amurka a 1873, kuma dokar 1893 ta tilasta wa kamfanonin jiragen ƙasar amfani da ƙugiya mai kama kanta, domin kafin nan ma'aikata na rasa yatsu da hannuwa a tsakanin taragai. A ƙananan jirage kuwa, kamfanin Kadee na jihar Oregon, wanda tagwaye Keith da Dale Edwards suka kafa, shi ya mayar da ita abin da kowa ke kwaikwayo. Shekaru da yawa taragan HO, wato ma'aunin da ake rage girman jirgin gaske sau 87, na zuwa ne da wata ƙugiya mai ƙaho da ake kira X2F, mai saye ya cire ya saka Kadee. Da wa'adin mallakar Kadee ya ƙare a shekarun 1990, sai McHenry da E-Z Mate ta Bachmann da Accumate ta Accurail suka shigo kasuwa, mai ƙahon nan kuma ta zama tarihi.

Dukkan waɗannan suna kama juna. Wannan gaskiya ce, amma rabin gaskiya. Suna kamawa in ka tura tarago da hannu a miƙaƙƙen layi. Tambayar ita ce ko za su riƙe in jirgi ya yi tsawo, ko za su kama a kwana, ko za su saki a inda kake so kawai.

Kadee mai lamba 5 ita ce ma'aunin da ake gwada sauran da ita. Ƙarfe ce, bakinta na rufewa da ɗan mitsitsin sifirin (spring) mai naɗi, sannan akwai wani faifan tagulla a cikin gidanta, wato ɗan akwatin da ke riƙe ta a ƙarƙashin tarago, da ke dawo da ita tsakiya. Wannan faifan ne ke ba sabon shiga wahala: ka saka shi ba daidai ba, ko ka ɗaure murfi da ƙarfi, ƙugiyar ta maƙale gefe guda. Mai lamba 148 ta warware wannan, domin kanta iri ɗaya ne da na lamba 5, amma tana da siraran wayoyi biyu a jikinta kamar gashin bakin kyanwa, su ne ke tsayar da ita tsakiya. Ka jefa ta cikin gida, ka rufe, shi ke nan. Ni dai yanzu ita nake saye, kuma ban ga abin da lamba 5 ta fi ta ba sai araha kaɗan da tsohon suna.

Ɗan sifirin bakin nan kuwa yana da halinsa. In ya fita, ya fita. Ka taɓa neman sa a kan tabarma? Kada ka ɓata lokacinka. Ana haɗo wasu a cikin fakiti, kuma dabarar mayarwa ita ce ka soke shi da bakin wuƙa siririya kusa da ƙarshensa, ka zura ɗaya gefen a kan ɗan ƙusarsa, ka danna, ka saki a hankali. Wasu na yin wannan aiki da hannuwansu cikin farar leda, don in ya yi tsalle ya faɗa ciki.

Akwai kuma masu ƙaramin kai, lamba 58 da 158, waɗanda suka fi kusa da girman ƙugiyar gaske in an rage ta sau 87. A ido sun fi kyau, babu musu. Suna kama manyan, amma tun da kan ƙarami ne, wurin da suke riƙe juna ma ƙarami ne. Layin da ke da tudu da kwari, ko taragon da tsayinsa ya ɗan kauce, nan take za su tona masa asiri. In layinka a kan tebur yake da ƙafa ɗaya na rawa, ka tsaya a kan babban kai.

Na roba fa? Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Tsofaffin McHenry da E-Z Mate na farko suna rufe baki da ɗan yatsan roba, wanda in aka bar tarago a matse ko a kan maganaɗisun da ake sa wa layi don buɗe ƙugiya na tsawon lokaci sai ya saba da lanƙwasa, ya daina dawowa. Sababbinsu sun koma sifirin ƙarfe, abin ya gyaru sosai, sai dai jikin har yanzu roba ne, yana iya lanƙwashewa sama ko ƙasa in nauyi ya yi yawa. Accumate tata hanyar daban ce: ɓari biyu ce kamar almakashi, babu sifirin da zai ɓata, amma masu dogayen jirage na yawan kokawa cewa tana buɗewa in taragai suka matsu suka saki. Walthers na da Proto Max, ta ƙarfe, wadda ta fi sauran kusa da Kadee. Ga jirgi mai tarago biyar ko shida da ke zagaye a shimfiɗaɗɗen layi, duk waɗannan za su yi maka aiki. Kuma roba na da wata fa'ida guda: ba ta wuce da lantarki. Kan jirgi mai gangar ƙarfe, irin wasu tsofaffin na kamfanin Athearn, in ka ɗaure masa ƙugiyar ƙarfe kai tsaye ka haɗa shi da wani, wuta na iya haɗuwa. A nan sai ka sa ta cikin gidan roba.

Ƙugiyar Sergent kuwa, ka ware ta gefe. Ita ce ta fi kama da ta gaske, ba ta da jelar wayar da ke rataye a ƙasan su Kadee, ana buɗe ta da sandar maganaɗisu daga sama, kuma ba ta dawo da kanta tsakiya, sai ka daidaita ta da hannu kamar yadda ma'aikacin jirgi ke yi. Ba a yi ta don ta yi aiki da Kadee ba. Wanda ya zaɓe ta ya zaɓi ya canza wa duk taragansa.

Yanzu maganar tsayi, wadda ita ce ta kayar da taragaina. Ƙungiyar NMRA ta masu ƙananan jirage, mai hedikwata a Amurka, ta tsayar da cewa a HO tsakiyar kan ƙugiya ya zauna inci 25/64 daga saman layi, wato kusan milimita 10. Jelar wayar da ke rataye, wadda maganaɗisu ke ja don a saki tarago, ta bar inci 1/32 tsakaninta da saman layi. In ta sauka ƙasa da haka, za ta karo da mararrabar layi, jirgi ya kife. Kadee na sayar da ma'auni, lamba 205 ko 206, na biyun ba ya haɗa wuta ko da layin na kunne. Kafin ka kashe ko sisi a kan sabuwar ƙugiya, wannan za ka fara saye. Ka ɗora shi a kan guntun layi, ka turo kowane tarago gaba da baya. Wanda ya yi ƙasa, ka sa masa washa tsakanin jiki da ƙafafu: ja mai kauri inci 0.015, mai ruwan toka 0.010. In bambancin ya wuce haka, akwai ƙugiyoyi masu kai a ɗage ko a sauke don wannan. Wata kuma tsayinta daidai ne, amma tana sunkuyo da kai saboda gidanta ya yi mata yawa, ɗan siririn faifai a ciki ya isa.

Masu taragan Turai da na Ingila su duba ko akwai aljihun NEM 362, wato ɗan ramin zura ƙugiya na ƙa'idar Turai, a ƙarƙashi. In akwai, Kadee lamba 17 zuwa 20 na shiga kai tsaye, bambancinsu tsawon wuya ne kawai. Sai dai wasu tsofaffin taragan OO, ma'aunin Ingila, ba a saka musu aljihun a tsayin da ya dace ba, don haka ma'aunin nan dai ba makawa. A ma'aunin N kuwa, wanda ya fi HO ƙanƙanta, Micro-Trains ce ke riƙe da matsayin Kadee, dama daga gida ɗaya suka fito, suka rabu a 1990. Kamfanin Kato na da tasa, tana riƙo da kyau, amma wani lokaci sai ka taimaka mata da hannu kafin ta kama ta wani kamfanin.

Mu da muke nan, inda babu shagon da za ka shiga ka sayi fakiti ɗaya, kuɗin aikowa kan fi kuɗin kayan. Saboda haka ka yi oda sau ɗaya: ma'auni, babban fakitin lamba 148, washa kala biyu, da filayar lanƙwasa jela. Kada ka cire na roba duka a rana ɗaya. Ka fara da kawunan jirage da taragan da ke zama a gaba, inda nauyi ya fi yawa, sauran kuma duk wadda ta gaza ka maye gurbinta.

Kada kuma ka kusanto da mai ko giris. Da hunturu ƙura za ta haɗu da shi ta zama laka a cikin gidan ƙugiya. Garin girafait ake busawa, in babu ka goga bakin fensir mai laushi a wuyanta da fuskarta. Maganaɗisun sakin tarago ma ban gaggauta sayensa ba. Tsinken tsire nake amfani da shi: in zura bakinsa tsakanin ƙugiyoyi biyu, in murza kaɗan, su rabu. Tun da na feƙe guda uku bara, ɗaya kawai ya karye.