Hanyar Tissington ta yi min daɗi, amma masu hayar keken sun ɓata min rai

Sai da na bari kwana uku suka wuce kafin na zauna rubuta wannan sharhin, don da a daren Asabar ɗin na rubuta, da ban ambaci alheri ko ɗaya ba. Kuma akwai alherin.

A Nottingham nake zaune, garin da aka riƙa ƙera keken Rali har zuwa 2002, irin wanda mahaifina ya yi shekara da shekaru yana hawa zuwa kasuwa. Tun da na zo nake son in hau keke a ƙauyukan Ingila. Ni da wani abokina ɗan Katsina muka sa rana a tsakiyar Satumba, shi ya zo da nasa keken, ni kuma na yi hayar keken tsere mai siririyar taya a wani shago a nan cikin gari. Muka loda su a motarsa sai Ashbourne, a yankin Derbyshire.

Keken kansa ba ni da abin cewa a kansa. Ba nauyi, da hannu ɗaya nake ɗaga shi, giya tana shiga ba gardama, birki yana kamawa. Yaron shagon ya daidaita min sirdi, ya ba ni hular kwano, ya tuna min cewa a nan birkin hannun dama shi ne na gaba. Sannan ya daki wata 'yar jaka da ke rataye a ƙarƙashin sirdin, ya ce duk abin da zan buƙata idan taya ta yi faci yana ciki. Na yarda da shi, ban buɗe ba.

Hanyar da ake kira Tissington Trail tsohon layin dogo ne da aka buɗe a 1899, aka cire ƙarafunan bayan jirgi ya daina bi, aka mayar da shi hanyar masu keke da masu tafiya a ƙafa da mahaya dawakai a 1971. Mil 13 ce daga Ashbourne zuwa Parsley Hay, ba mota ko ɗaya. Da yake jirgin ƙasa ba ya son tudu mai tsauri, hawan a hankali yake, sai dai ka ji cinyarka tana ɗan ɗumi. Farkonta ka ratsa wani dogon rami mai sanyi a ƙarƙashin garin, ka fito cikin inuwar itatuwa, can gaba kuma ƙasa ta buɗe. Tuddai kore shar, wannan na bin wancan, an yanka su da katangun duwatsu da aka jera ba siminti ba laka, tumaki sun bazu kamar an zuba auduga. Na tsaya na sa hannu a jikin katangar nan, dutse kan dutse ne kawai, gansakuka ta lulluɓe shi, amma ko motsi ba ya yi. A kusa da tsohon ɗakin sigina na Hartington muka shimfiɗa rigunanmu a kan ciyawa muka yi Azahar. Ban ji ƙarar komai ba sai iska da kukan tunkiya daga nesa. Wallahi rabon da zuciyata ta kwanta haka har na manta.

Da a nan muka juya muka koma mota, da taurari biyar zan ba su.

A dawowa muka sauka daga layin a ƙauyen Tissington, mai gidajen dutse da rijiyoyin da ake yi wa ado da furanni duk shekara, muka ɗauki wata siririyar kwalta da ta nufi Bradbourne. Wannan ce hanyar da na fi ɗoki. Faɗinta na mota ɗaya ne, ga gangara mai daɗi har zuwa mashigin rafi inda motoci ke faɗawa cikin ruwa su haye. Mu muka tura kekunan ta 'yar gadar da ke gefe. Mun fara hawan tudun can gaba kenan na ji bayan keken yana rawa. Na duba, tayar baya ta kwanta. Ƙaya ce, doguwa, ta shige har ƙarshenta. Ashe tarakta ta bi ta aske shingen bakin hanya, ta bar ƙayar a warwatse a kan kwalta. Doka ta hana manoma aske shinge daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Agusta saboda tsuntsaye masu ƙwai, don haka da Satumba ta kama kowa sai ya fito da injinsa. Duk mai sana'ar keke a ƙasar nan ya san wannan watan na faci ne.

Na buɗe jakar da aka ce akwai komai. Tiyub ɗaya ne a ciki, ƙato, na keken hawan dutse, mai bawul mai kauri irin na mota. Hujin da ke jikin wilin kekena na siririn bawul ne, ko kansa bai shiga ba. Ba roba ba gam na yin faci. Abokina ya karɓa ya jujjuya shi, ya ce, "Mutumina, wannan ai ba na kekenka ba ne. Ko dubawa ba su yi ba." Nasa keken mai faffaɗar taya ne, abin da yake ɗauke da shi ba zai yi min ba. Na ciro waya in kira shagon, ba sabis a cikin kwarin. A garinmu da tuni na tura shi gindin bishiyar mai faci, minti goma an gama. A nan daga mu sai shanu.

Mun fi awa ɗaya muna tura keke, rana tana yin sanyi, yayyafi ya fara. Sai ga wani dattijo Bature a kan tsohon keke, gashinsa fari fat, zai yi shekara 70. Ya tsaya ba tare da mun tsayar da shi ba. Ya ciro tiyub daga aljihun bayan rigarsa, ya durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Abin da ya fi burge ni, kafin ya sa sabon sai da ya bi cikin tayar da ɗan yatsa a hankali, zagaye guda, ya tsinto guntun ƙayar da ya rage ya ɗora min a tafin hannu. Ya ce da an bar shi, mil ɗaya ba za mu yi ba. Na miƙa masa kuɗi, ya girgiza kai, ya hau kekensa ya wuce. Ko sunansa ban samu na tambaya ba. Allah ya saka masa da alheri.

Mun isa shagon da jinkirin minti 40. Na ajiye tiyub ɗinsu a kan tebur, na yi bayani tiryan-tiryan, ban ɗaga murya ba. Wanda na tarar ya ce ya yi nadama, mai yiwuwa jakar wani keken aka ɗaura min. Ina jin haka na fara hucewa, don kuskure kowa na yi. Sai da na dawo gida na ga sun cire fam 15 na makara daga kuɗin ajiyata. Makarar da su suka jawo! Ga tiyub ɗin dattijon nan a cikin tayarsu, sun ci riba biyu. Na tura saƙo ranar Lahadi, na sake turawa ranar Litinin, har yanzu shiru.

Ba kuɗin ne ya dame ni ba. Da ni kaɗai ne a wannan kwarin, ko mace ce da yara, dare ya yi, ba waya, me za su ce? Wanda ya daki jaka ya ce akwai komai, amana aka ba shi.

Taurari biyu na ba su, kuma na keken ne. Hanyar Tissington zan koma kafin sanyi ya shigo, in Allah ya yarda, don ban kai Bradbourne a kan sirdi ba. Amma a wani shagon zan yi haya, kuma a gabansu zan zazzage jakar.