Kumbo: sauka a teku ko a tudu?

A bakin kogin Matan Fada, nan Argungu, muka yi gardama da wani masunci kan saukar kumbo. Kumbon Dragon na kamfanin SpaceX a teku yake faɗowa da laima, kamar a 2020. Ruwa na rage ƙarfin faɗuwar, amma sai jirgin ruwa ya zo ya ɗaga kumbon, ga igiyar ruwa na wasa da shi. Gishirin teku kuma cin ƙarfe yake, dole a wanke, a duba kowane lungu kafin a sake harbawa.

Kumbon Starliner na kamfanin Boeing kuwa a hamadar Amurka ya sauka bisa jakunkunan iska, motoci suka iso.

Ni tudu na zaɓa saboda gishirin nan. Masuncin ya ce, "Malam, ruwa ya fi ƙasa taushi."