Shagon tsofaffin littattafan siyasa na Samaru: kaya akwai, amma kantar baya da zaman Asabar sun ɓata min rai

Masu tambayata inda nake samo tsofaffin takardun siyasa, to ga amsa. Wani ɗan shago ne a Samaru, in ka fito ta babbar ƙofar ABU ka tsallaka titi ka shiga layukan masu fotokwafi da bayindin za ka gan shi a lungu, ko allo mai kyau ba shi da shi. Sunansa kam ba zan faɗa ba tunda akwai abin da zan soka, kuma mai shagon dattijo ne da nake ganin girmansa, Baba kowa ke ce masa, tsofaffin abokansa kuma Kwamared.

Maganar kaya dai wallahi ban ga kamarsa a Zariya ba. Ƙasidun zamanin PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano a Jamhuriya ta Biyu, jawaban Balarabe Musa tun daga hawansa gwamnan Kaduna a 1979 har tsige shi da majalisar jiha mai rinjayen jam'iyyar NPN ta yi a watan Yunin 1981, takardun rigimar 'yan Santsi da 'yan Taɓo, ɓangarori biyun da PRP ta dare, kowane ɓangare da nasa zagin, rubuce-rubucen marigayi Dakta Bala Usman, har da na Patrick Wilmot malamin ABU ɗin nan da gwamnatin Babangida ta kora daga ƙasar a 1988. Wasu ba littafi ba ne ma, takardu ne da aka buga da tafireta aka ɗinke da zare. Ɗalibin tarihi ko kimiyyar siyasa da ke fama da firojet, je ka can kafin ka ɓata kuɗin data. Farashi da sauƙi kuma ana ciniki, wanda ba na sayarwa ba ne zai maka fotokwafi, sai dai in babu wuta aka tada janareta kuɗin shafi yana ƙaruwa. Babu POS, tiransifa yake karɓa kuma sai ya ga alat da idonsa kafin ka fita, in netwok ya ƙi to sai ka nemi benci. Ƙura kuma ba a magana, mai asma ya sa takunkumi, gara ta fara cin kwalayen ƙasa kuma ban ga alamar abin ya dami kowa ba.

Abin da ya fi komai daraja a wurin shi ne Baban kansa. Ka ambaci shekara ya ba ka labarinta, ya san wa ya ci amanar wa, wa ya yi ihun talakawa a Samaru ya ƙare da kwangila a Abuja. Shi da bakinsa yake cewa ya daina zuwa rumfar zaɓe, kuma gaskiya ban ga laifinsa sosai ba don ni ma guiwata ta yi sanyi da jam'iyyun nan, duk wanda ya zo da jar hula da sunan Malam Aminu a baki sai ka ga bayan zaɓe ya koma inda ake rabon kujeru.

To yanzu kantar baya. Can ya jera littattafan Falasɗinu, kuma da yawansu masu kyau ne, tarihin 1948 da korar dubban ɗaruruwan mutane daga garuruwansu, mamayar 1967, matsugunan da ake ginawa a Gaɓar Yamma. Ni ma ina tare da Falasɗinawa, abin da aka yi wa Gaza ba mai imani da zai kalla bai ji ciwo ba. Amma a tsakiyarsu sai ga wannan littafin na Protocols, wanda wai bayanan taron sirri ne na dattawan Yahudawa kan yadda za su mallaki duniya, ga shi sabon bugu fes, kwafi da yawa, alhali sauran kayan shagon duk kwance ne. Baba ya ce min shi ya fi tafiya. Littafin nan ƙarya ce da aka tona tun kafin a haifi iyayenmu. A Rasha ya fara fitowa a 1903 zamanin sarakunansu, a 1921 jaridar The Times ta Landan ta nuna cewa an kwafe manyan sassansa ne daga wani littafi da Bafaranshe Maurice Joly ya rubuta a 1864 yana zambo ga Napoleon na uku, kuma babu Bayahude ko ɗaya a cikin na asalin. Henry Ford mai kamfanin mota ya yaɗa shi a Amurka, 'yan Nazi suka yi amfani da shi wajen farfaganda kafin su kashe Yahudawa miliyan 6. Wato kayan masu kuɗi ne da 'yan kama-karya, shi ne ake sayarwa a shagon 'yan gwagwarmaya ba tare da ko 'yar takarda da ke cewa jabu ne ba.

Na ce Baba wannan fa ba ya cikin sahun nan. Ya ce 'yata ai kasuwa ce, mai saye shi zai tantance. Haba Baba, yaron aji ɗaya da ya zo daga ƙauye ya ga littafi a hannun dattijon da ya yi zamani da su Bala Usman, me zai tantance? Abin haushin ma a saman kantar hoton Mandela ne a manne. Denis Goldberg da aka yanke wa ɗaurin rai da rai tare da Mandela a 1964 Bayahude ne, Joe Slovo abokin gwagwarmayarsu Bayahude ne, matarsa Ruth First da jami'an wariyar launin fata suka kashe da bam a cikin wasiƙa a Maputo a 1982 Bayahudiya ce. Rosa Luxemburg 'yar gurguzu da hotonta ke bangon wani littafi a kantar gaba ita ma haka. Gwamnatin Isra'ila daban, Bayahude daban, kamar yadda mu ma ba ma yarda a ɗora mana laifin 'yan Boko Haram don mun haɗa alƙibla.

Kuma ba ciwon Samaru ba ne kaɗai. Jam'iyyar Leba ta Birtaniya lokacin Jeremy Corbyn, mutumin da matasa suka yi tururuwar shiga jam'iyya saboda shi daga 2015, a nan ta yi tuntuɓe. 'Yar majalisa Luciana Berger, Bayahudiya, ta fice a Fabrairun 2019 da tsohon ciki bayan zagin da ta sha, a Oktoban 2020 kuma hukumar daidaito ta ƙasar ta ce jam'iyyar ta karya doka a yadda ta riƙa tafiyar da ƙorafe-ƙorafen ƙyamar Yahudawa. Na san masu cewa abokan gaban Corbyn sun yi amfani da maganar don su kayar da shi, kuma ina ganin akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ai sai da suka samu abin kamawa tukuna.

Sai zaman Asabar, wanda shi ne Baba ke alfahari da shi. Bayan la'asar ake shimfiɗa benci a gaban shago, kyauta ne, mai shayin gefe yana kawowa kowa ya biya nasa. Ana karanta 'yar ƙasida sai a yi muhawara, kuma muhawarar na da zafi da daɗi, kan cire tallafin mai, kan kuɗin makaranta, kan yajin aikin ASUU. Matsalar ita ce mu mata ba mu da yawa kuma da ka zauna za ka gane dalili. Ni aka miƙa wa biro da takarda wai in rubuta abin da aka tattauna tunda mata sun fi iya rubutu, wata ɗaliba kuma aka ce ta tashi ta rarraba kofuna. Da na kawo maganar yadda majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudurorin mata guda 5 a Maris ɗin 2022, har mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofar majalisa, sai wani mai gemu ya ce Hajiya wannan maganar 'yan boko ce masu cin kuɗin Turawa, a gama da jari-hujja tukuna sauran za su warware da kansu. Aka yi dariya aka wuce.

A Zariya fa ake faɗin wannan! Garin Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka yi wa aure tana shekara 13, ta shiga NEPU, jam'iyyar su Malam Aminu ta farko, tana yarinya, ta sha duka da ɗauri har sau 16 saboda ta ce mace ta yi karatu ta yi zaɓe, a lokacin da matan Kudu suka jefa ƙuri'a a 1959 namu na Arewa suna gida sai 1976 aka ba su dama. Asibitin da ke Ƙofar Gayan sunanta gare shi. Ƙungiyar mata ta WIN, wato Women in Nigeria, a nan ABU ta samo asali daga wani taro da aka yi a 1982, kuma tun lokacin suke cewa danniyar aji da danniyar mace tare ake yaƙarsu, ƙasidunsu ma suna cikin shagon, a kwalin ƙasa wanda gara ke ci. Malam Aminu kansa mace ya ɗauka mataimakiya a takarar shugaban ƙasa ta 1983 kafin rasuwarsa. Duk sun san wannan, sun fi ni sani ma, in ana taron tunawa su za su fi kowa kiran sunan Gambo. Ana son ta ne tun da ta rasu a 2001 ba za ta ƙara katse kowa ba.

Baba dai bai yi dariyar ba, wannan zan faɗa masa, bayan an tashi ma ya ce in yi haƙuri yaran yanzu ne. Amma mai gemun ya haura hamsin.

In maki zan bayar, littattafai da farashi huɗu cikin biyar, tsafta biyu, zaman Asabar ɗaya da rabi kuma rabin na mai shayi ne. Zan ci gaba da zuwa saye da fotokwafi ranakun aiki da safe, lokacin babu cunkoso kuma an fi samun wuta. 'Yan'uwa mata masu bincike ku tambaye shi kwalin WIN kai tsaye don ba zai nuna muku da kansa ba, ku yi fotokwafin abin da za ku iya kafin damina ta ƙarasa shi, rufin wajen yana yoyo.