Khal ɗin tuffa don rage ƙiba: wanne ya cancanci kuɗinki a Legas?

Daga Agege zuwa Idi-Araba, da wuya ki shiga shagon magungunan Musulunci ki ce kina son rage tumbi ba a miƙo miki khal ɗin tuffa ba. A manyan kantunan Ikeja kuwa har kala-kala ne: na kwalba mai duhu-duhu, tatacce mai haske, na kafso, da na taunawa kamar alewa. Kuɗinsu ya sha bamban ƙwarai, don haka gara a san abin da ake biya wa.

Khal ɗin tuffa ruwan tuffa ne da aka bari ya yi tsami har sukarinsa ya rikiɗe ya koma sinadarin asetik, wanda yawanci kashi 5 cikin 100 ne na abin da ke cikin kwalbar. Duk wani amfani da ake dangantawa da khal wajen ƙiba, a kan wannan sinadarin ake magana.

To, yana rage ƙibar? Kaɗan, kuma ba ya ɗorewa. Binciken da aka fi kafa hujja da shi an yi shi ne a Japan a 2009, kan mutum 175 masu ƙiba. Waɗanda suka sha cokali ɗaya ko biyu kullum har mako 12 sun rage kilo 1 zuwa 2, amma makonni huɗu da dainawa nauyin ya dawo. Masu binciken ma ma'aikatan Mizkan ne, kamfanin da ke yin khal. Akwai wani da ya yi tashe a 2024, daga Labanan, wanda ya ce matasa sun zubar da kilo 6 zuwa 8 cikin wata uku. Mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2025 saboda alƙalumansa ba su tabbata ba. Abin da ke ci mini rai shi ne har yanzu irin wannan alƙawarin ake yi wa mata a WhatsApp.

Wasu 'yan kasuwa kan kawo hadisin da Muslim ya ruwaito, inda Annabi (SAW) ya yabi khal. Hadisin ingantacce ne, amma a matsayin mahaɗin abinci ya yabe shi, lokacin da aka kawo masa shi ya ci gurasa da shi. Bai kamata a ɗora wa hadisi abin da bai faɗa ba don a sayar da kaya.

Mafi tsada shi ne wanda ake ce wa mai uwa, irin su Bragg da ake shigowa da shi daga Amurka. In kika ɗaga kwalbar ta fuskanci haske za ki ga wani abu kamar yana kwance a ƙasa, in kin girgiza ya tashi ya dagula ruwan. Ragowar ƙwayoyin da suka tsamar da shi ne, ba a tace su ba. Ƙamshinsa ya fi, ɗanɗanonsa ma haka. Sai dai ba a nuna cewa uwar tana ƙara komai wajen rage nauyi ba, kuma da yake kayan waje ne, duk sanda dala ta motsa farashinsa ya bi ta. Tatacce mai haske, muddin an rubuta kashi 5 a jikinsa, tsaminsu ɗaya. Ni shi zan ce ki ɗauka.

Na taunawa kuwa, ban ga dalilin sayensa ba. Khal ɗin da ke cikin ƙwaya ɗaya bai kama ƙafar cokali guda ba, ga sukari da aka zuba don ya yi daɗin baki. Mai son rage ƙiba tana biyan kuɗi mai yawa tana shan alewa. Kafso ma ba ki da yadda za ki tabbatar da abin da ke ciki, kuma in ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙona wurin.

Wanda na fi jiye miki tsoro shi ne haɗin rage tumbi da ake ɗurawa a gorar ruwa, babu suna, babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa. In aka sa masa abin wanke ciki irin filasko, za ki yi ta zawo, sikeli ya nuna kin ragu, alhali ruwan jikinki ne ya tafi, kitsen yana nan daram. Kada ki saya, ko da 'yar unguwarku ce ke sayarwa.

In kin sayo na kwalba, kada ki sha shi zallansa. Cokali ɗaya a cikin babban kofin ruwa, tare da abinci, kada ya wuce cokali biyu a rana. Ki kurkure baki bayan nan, domin tsamin yana cinye rufin haƙori, kuma abin da ya zaizaye ba ya dawowa. Mafi sauƙi ma ki yayyafa shi a kan kwaɗon zogale ko latas da tumatir. Mai gyambon ciki ta bar shi gaba ɗaya. Mai ciwon sukari da ke kan insulin, da mai hawan jini da ke shan maganin da ke sa yawan fitsari, su fara tambayar likita, saboda khal na iya haɗuwa da magungunan ya saukar da sukari ko sinadarin fotashiyam fiye da kima.

Ki kuma lissafa abin da ke shiga cikinki a zaman Legas. Awa biyu a cikin danfo a go-sulo, ga zafi, sai a miƙa hannu ta taga a sayi lemo mai sanyi, kuma robar 50cl ɗaya kan ɗauki sukari kusan giram 50. Da dare shayi mai kauri da burodin Agege. Wadda ta mayar da lemon nan ruwa, ta rage sukarin shayi, ta riƙa sauka tasha ɗaya kafin gida tana ƙarasawa da ƙafa, za ta ga canjin da khal mafi tsada a kanti ba zai ba ta ba.