Yawon Duwatsun Rumsiki Daga Marwa: Ɗan Jagora Ya Ci Kuɗinsa, Amma Yini Ɗaya Ya Yi Kaɗan

A watan Disamba ni da ƙanena muka biya wani ofishin yawon buɗe ido a Marwa, da ke arewacin Kamaru, domin a kai mu Rumsiki, cikin duwatsun Mandara, a dawo da mu a ranar. Kuɗin ya haɗa da mota, da ɗan jagora, da abincin rana.

Mun tashi bayan sallar asuba. Daga Marwa zuwa Mokolo, kimanin kilomita 80, kwalta ce, amma daga nan hanyar ta koma ƙasa da tsakuwa, ga shingayen jandarmomi inda ake duba katin shaida, don haka ba mu isa ba sai da hantsi ya dubi ludayi.

Ɗan jagoranmu Bakafsiki ne, wato ɗan ƙabilar Kafsiki mazauna yankin, yana jin yaren garin da Fulatanci da Faransanci, kuma a nan ne na ga amfanin kuɗina. Kafin mu gangara kwari sai da ya kai mu muka gaida dattawan unguwa. Ya nuna mana yadda manoma suka jera duwatsu hawa-hawa a gefen tudu don kada ruwan damina ya kwashe ƙasar dawa, ya ɗauko wani dutse baƙi ya sa mini a tafin hannu, yana bayanin cewa waɗannan tsaunuka masu tsini ragowar aman wuta ne da ya daskare, ƙasar da ke kewaye da su ta zaizaye. Abu mafi muhimmanci, ya san inda iyakar Najeriya take, wadda ba ta da nisa, ya kuma san hanyar da ba a bi tun da rikicin Boko Haram ya taɓa yankin. Baƙo ba zai san wannan daga taswirar waya ba.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne gaggawa. Tafiyar ƙafa ba ta kai awa uku ba, direba yana ta matsa mana don kada dare ya same mu a hanya, hazon hunturu kuma bai washe ba sai da muka kusa juyawa. Ofishin bai faɗa mana haka ba lokacin karɓar kuɗi.

Wanda zai je Rumsiki ya ɗauki ɗan jagora, ya tambayi halin tsaro kafin ya tashi, ya kuma kwana can. Mai yini ɗaya kacal gara ya nufi dutsen Mindif, wanda ke kusa da Marwa.