Zaren roba ko ruwan rezin: wace firintar 3D ce ta dace da aikinka?

Duk wanda ya tsaya ya kalli firintar 3D tana ɗora roba hawa-hawa har siffa ta fito, tunaninsa kan tafi ga abin da zai ƙera da ita: maƙalin makulli mai sunan ango da amarya don rabo a wurin biki, ko hatimin da baduku zai danna wa fata ado, ko faifan roba mai siririn jiki wanda hoton mutum ke bayyana a cikinsa idan aka haska fitila ta bayansa. Sai dai kafin a ciro kuɗi ya kamata a san cewa firintocin 3D na gida iri biyu ne, kuma abin da mutum yake son ƙerawa ne ya kamata ya zaɓa masa.

Iri na farko yana narkar da zaren roba mai kaurin milimita 1.75, ya matso shi ta wani ɗan baki mai faɗin milimita 0.4. Scott Crump, wanda ya kafa kamfanin Stratasys a Amurka, shi ya ƙirƙiro wannan hanya, kuma bayan haƙƙin mallakarta ya ƙare a 2009 ne farashi ya karye. Creality Ender 3, wadda ta fito a 2018, tana buga abu mai faɗin milimita 220 da tsawon 250, tana da arha kuma kayan gyaranta ba sa wahalar samu, amma mai ita zai sha daidaita faranti, wato wurin da ake ɗora robar a kai, da hannu. Bambu Lab A1 mini tana daidaita kanta, sai dai iyakarta milimita 180. Na'urorin Prusa na ƙasar Cek sun yi suna wajen ƙarko, kuɗinsu kuwa ya fi yawa.

A ganina zaɓen zare ya fi zaɓen sunan kamfani muhimmanci a ƙasa mai zafi. Zaren da ake kira PLA shi ne mafi sauƙin bugawa kuma launukansa suna da kyau, amma yana fara laushi da zarar zafi ya doshi digiri 60. Mariƙin waya da aka yi da shi, in aka bar shi gaban mota a rufe da tsakar ranar bazara a Sakkwato ko Zinder, za a dawo a tarar ya lanƙwashe. PETG yana jurewa har kusan digiri 80, don haka shi ya dace da duk abin da zai sha rana. TPU kuwa mai taushi ne, na rigar waya da makamantanta. Da damina zare yana shan danshi, sai a ji yana ƙara a bakin na'ura, aikin ya fito da zare-zare. A riƙa ajiye shi cikin mazubi mai murfi.

Iri na biyu yana daskarar da ruwan rezin, wato wani ruwan roba mai kauri, da haske, kamar Elegoo Mars da Anycubic Photon. Kaurin kowane hawa kan zama milimita 0.05, inda na zare kan yi 0.2, shi ya sa zanen da ya kai ƙanƙantar ƙwayar gero yake fitowa sarai. Maƙerin fari ne zai fi morar wannan: akwai rezin da ke ƙonewa ya bar gurbi a cikin abin da aka lulluɓe shi da shi, kamar yadda kakin zuma ke yi, a zuba narkakkiyar azurfa a ciki, dabarar da maƙeran Agadas suka daɗe suna amfani da ita. Amma ɗanyen rezin yana da wari kuma yana cutar da fata, dole a sa safar hannu, a wanke abin da aka buga da sinadarin isofurofil, wani nau'in sifirit, sannan a sake gasa shi da haske. Ba zan ba da shawarar ajiye ta a ɗakin da yara ke shiga ba.

Sauran maganar wutar lantarki, wadda masu saye da yawa ba sa lissafawa. Aiki ɗaya kan ci awa shida ko goma, kuma ko da na'ura tana iya ci gaba daga inda ta tsaya, idan faranti ya huce abin yakan ɓalle, zare da lokaci su tafi a banza. Don haka a haɗa kuɗin inbata da batir cikin kasafi tun farko, tare da murfin da zai kare na'urar daga ƙurar hunturu.

Ga mai son tsarabar biki, kayan wasan yara da hatimin fata, firintar zare mai daidaita kanta da naɗin PETG mai kilo ɗaya sun wadatar. A nemi mai sayarwa ya buga wani ɗan abu a gabanka, a shafa gefensa da yatsa a ji ko hawan sun kama juna, sannan a tambaye shi ko yana da bakin na'ura da faranti na canji a shagonsa.