Abin da Ya Kamata a Saya don Toshe Sanyin da ke Shigowa ta Bututun Hayaƙi

A ƙasashen da hunturu ke tsanani, irin su Ingila, Kanada da arewacin Amurka, akan zura murhun ƙarfe mai ƙofar gilashi cikin tsohon ramin wuta na bulo, sannan a haɗa masa siririn bututu, galibi mai faɗin inci 6, wanda ke bi ta cikin tsohon bututun hayaƙin har rufi. Da yake tsohon ya fi sabon faɗi nesa ba kusa ba, kafar da ta rage tsakaninsu ita ce hanyar da sanyi ke saukowa idan wuta ta mutu, kuma ta nan ɗumi ke sulalewa idan tana ci. Wanda ya kara bayan hannunsa a gefen murhun da asuba zai ji iskar tana busowa.

Mafi arha shi ne a cusa audugar gilashi a bayan firam ɗin murhun. Tana rage busowar, amma ɗumin yana ci gaba da hawa sama, don haka rabin magani ce.

Abin da na fi amincewa da shi shi ne faifan ƙarfe da ake yankawa daidai da maƙogwaron ramin, wato inda ya haɗu da tsohon bututun, a huda tsakiyarsa don bututu ya wuce, a ɗaure shi da kusoshi a jikin bulo. Akwai na kanti, amma da wuya ramuka biyu su zo ɗaya, saboda haka ya fi kyau a fara fitar da siffar a jikin kwali, a gwada, sannan maƙeri ya yanka. A saman faifan a shimfiɗa audugar dutse, irin ta Rockwool, wadda ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 1,000 na Salsiyos. Ita kaɗai ba ta tare iska gaba ɗaya, kuma takan zame ta faɗo idan babu abin da ya tallafe ta. Aikinta riƙe ɗumi, aikin faifan tare iska. Wannan haɗin ya fi zama dole idan bututun yana jikin bangon waje, inda bulo ke shan sanyi dare da rana.

Wajen liƙe gefuna, silikon mai jure zafi ya dace da inda faifai ya haɗu da bulo, domin yana miƙewa ba ya tsagewa, amma juriyarsa ba ta wuce wajen digiri 300 ba. Kewayen siririn bututun kuwa sai igiyar murhu mai jure wuta ko simintin wuta. A kuma duba faifan da ke rufe bakin tsohon bututun can saman rufi, domin idan ya saki, ruwan sama ma zai shigo.

Balan-balan ɗin toshe bututu na ramin da ba a hura wuta ne kaɗai, kumfar feshi kuma tana kamawa da wuta, kada a kusanto da ita. Idan murhun na gas ne, a bi umarnin kamfanin da ya ƙera shi, a kira ƙwararre. Kowane aka zaɓa, a haɗa da na'urar gargaɗin iskar guba ta kabon monoksaid, wadda dokar gini a Ingila ta wajabta tun 2010 ga mai kafa sabon murhun itace ko na kwal.